Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyon Vim da Sauran Editocin Layin Umarni

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu fara aiki da Linux ko macOS ta layin umarni, musamman ranar da suka fara shiga wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa) ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) suka tarar babu linzami, babu tagogi, sai baƙin allo da harafi ɗaya yana ƙyaftawa. Yawancin amsoshin sun karkata ga Vim, domin shi ya fi rikita sabon shiga, kuma shi ya fi biyan wahalar da aka sha wajen koyonsa. Inda ka ga an rubuta Ctrl-r, ana nufin ka riƙe Ctrl ka danna r.

Mene ne editan layin umarni?

Manhaja ce ta rubutawa da gyara fayil ɗin rubutu zalla, tana aiki a cikin taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da kibod kaɗai ake sarrafa ta. Rubutu zalla shi ne wanda babu komai a cikinsa sai haruffan da ka gani: babu ado, babu salon rubutu, babu hoto. Irinsa ne fayilolin saitin kwamfuta kamar `/etc/hosts` da `/etc/ssh/sshd_config`, da rubutun manhajoji, da saƙon da git, manhajar bin diddigin canje-canje a fayiloli, yake nema idan za ka adana canji. Word ba ya wannan aiki, domin fayil ɗin docx ƙunshi ne na wasu fayiloli da aka matse wuri guda, kuma saba ba za ta iya karanta saiti daga cikinsa ba.

Ga VS Code da makamantansa, me zai sa in wahalar da kaina?

Saboda akwai ranar da ba za ka same su ba. Saba da ke wata ƙasa, na'urar rarraba intanet, kwamfutar da ta ƙi tashi sai a yanayin ceto: a duk waɗannan wurare abin da ke hannunka taminal ne. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsaren dangin Unix suke bi, ta sa `vi`, tsohon editan da Vim ya samo asali daga gare shi, cikin kayan aikinta, shi ya sa kusan duk inda ka faɗa za ka same shi ko wani ɗan'uwansa. Har ƙananan na'urori masu BusyBox, wani ƙunshin kayan aikin Unix a manhaja ɗaya, suna ɗauke da wani taƙaitaccen vi.

Dalili na biyu shi ne sauri, amma kada a ruɗe ka da shi tun farko. A makonnin farko Vim rage maka gudu zai yi. Ribar tana zuwa ne daga baya, lokacin da yatsu suka daina tambayar ƙwaƙwalwa.

Nano, Vim ko Emacs, da wanne zan fara?

Idan buƙatarka kawai ka gyara layi biyu a fayil ɗin saiti sau ɗaya a wata, nano ya ishe ka, kuma babu abin kunya a ciki. Chris Allegretta ya fara rubuta shi a 1999 don ya maye gurbin wani tsohon edita mai suna Pico. Da ka buɗe sai rubutu, umarninsa kuma a jere suke a ƙasan allo: `^O` adanawa, `^X` fita, `^W` nema, `^K` yanke layi, `^U` mannawa. Alamar `^` tana nufin Ctrl.

Emacs, wanda asalinsa ke komawa 1976 kuma aka fi danganta shi da Richard Stallman, duniya ce guda: ana karanta wasiƙa a cikinsa, ana tsara jadawalin aiki, ana faɗaɗa shi da yaren Lisp. Sai dai ba kasafai za ka tarar an girka shi a saba ba. Idan ka tsinci kanka a ciki, Ctrl-x sannan Ctrl-s adanawa ne, Ctrl-x sannan Ctrl-c fita.

Wanda kuwa zai riƙa wuni a cikin rubutun manhaja ko fayilolin saiti, shawarata ya kama Vim. Ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kansa wata biyu ko uku. Masu tsalle tsakanin uku a mako guda su ne suke ƙarewa ba su iya ko ɗaya ba.

Na buɗe Vim na kasa fita. Yaya zan yi?

Danna Esc. Sannan rubuta `:q` ka danna Enter. Idan ya ƙi, ya ce akwai canjin da ba a adana ba, zaɓi biyu ne: `:wq` ya adana ya fita, ko `:q!` ya watsar da canjin ya fita. Gajerun hanyoyinsu su ne `ZZ` da `ZQ`, da manyan haruffa, ba tare da ɗigo biyu ba. Idan fayiloli da yawa ne a buɗe, `:qa!` ya rufe su duka.

Esc ɗin nan shi ne sirrin. Dalilinsa yana amsa ta gaba.

Me ya sa nake danna haruffa ba sa fitowa, sai ma rubutun ya lalace?

Domin Vim yana da yanayi fiye da ɗaya, kuma yana buɗewa ne a yanayin umarni, inda kowane harafi umarni ne. A nan `x` yana share harafi, `dd` yana share layi, `p` yana mannawa. Sai ka danna `i` kafin ka shiga yanayin rubutu, inda haruffa suke fitowa kamar yadda ka saba. Esc yana mayar da kai yanayin umarni. Akwai kuma yanayin zaɓi, da ake shiga da `v`, don shata wani yanki na rubutu, da layin ƙasa da ɗigo biyu yake buɗewa, inda ake rubuta `:w` da ire-irensa.

Hikimar ita ce mai aiki da fayil ya fi ɓata lokaci wajen karantawa, da zagayawa, da gyara, fiye da rubuta sabo. Don haka aka bai wa waɗannan ayyuka maɓallan da suka fi kusa da yatsu. Ɗabi'ar da ta fi komai amfani ga mai koyo ita ce: ka shiga yanayin rubutu, ka rubuta abin da ya kawo ka, ka fita nan take. Wanda ya tare a yanayin rubutu yana yawo da kibiyoyi kamar mai tuƙa mota ne a giya ta ɗaya, za ta kai shi, amma bai mori kuɗinsa ba.

Ƙofofin shiga ma ba `i` kaɗai ba ce. `a` yana farawa bayan harafin da kake kai, `A` a ƙarshen layi, `I` a farkonsa, `o` yana buɗe sabon layi a ƙasa, `O` a sama.

Me ya kawo h, j, k, l a matsayin kibiyoyi? Dole ne in yi amfani da su?

Tarihi ne. Bill Joy ya rubuta vi a 1976 a Jami'ar California da ke Berkeley, a kan wata taminal mai suna ADM-3A. Kibod ɗinta ba shi da maɓallan kibiya na daban, an zana kibiyoyin ne a jikin h, j, k da l. Esc kuma yana wurin da Tab yake a yau, kusa da ƙaramin yatsa. Shi ya sa masu Vim da yawa suke mayar da Caps Lock ya zama Esc.

Ba dole ba ne, kibiyoyi suna aiki. Kuma a ganina ana kambama batun fiye da kima. Wanda ya danna `j` sau talatin bai fi wanda ya danna kibiya sau talatin da komai ba. Abin koyo shi ne manyan taku: `w` da `b` kalma gaba da baya, `0` da `$` farko da ƙarshen layi, `gg` da `G` farko da ƙarshen fayil, `42G` layi na 42, `}` sakin layi na gaba, `%` tsalle zuwa abokin baka. A cikin layi guda, `f,` yana kai ka kan waƙafi na gaba, `;` ya maimaita.

Umarni nawa zan haddace kafin in iya?

Kaɗan ne, idan ka gane yadda suke haɗuwa. Umarnin Vim jimla ne: aikatau, sannan abin da aikin zai faɗa a kansa. Manyan aikatau uku ne: `d` sharewa, `c` canzawa (ya share ya bar ka a yanayin rubutu), `y` kwafa. Abin da ke biye musu shi ne kowanne daga cikin takun da aka lissafa a amsar da ta gabata. Ke nan `dw` share zuwa kalma ta gaba, `d$` share zuwa ƙarshen layi, `yG` kwafa zuwa ƙarshen fayil, `ct,` canza komai har gab da waƙafi. Lamba tana ninkawa: `d3w` kalma uku. Ninka aikatau kuma yana nufin layi gaba ɗaya: `dd`, `cc`, `yy`.

Ba wanda ya haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Aikatau uku da taku goma sun ba ka umarni talatin, kuma duk sabon takun da ka koya yana aiki da duk aikatau da ka riga ka sani.

Sai abin da ya fi burge ni a Vim, wato kama abu da siffarsa. Ɗauki wannan layi:

`suna = "tsohon rubutu da za a cire"`

Ko'ina kake a tsakanin alamun zancen nan, danna `ci"`. Duk abin da ke ciki zai tafi, alamun su tsaya, kai kuma kana tsakaninsu a shirye ka rubuta sabo. Harafin `i` a nan yana nufin ciki, `a` kuma yana nufin har da abin da ya kewaye. Don haka `da"` yana kwashe har alamun, `ciw` yana canza kalmar da kake kai ko da kana tsakiyarta, `di(` yana share cikin baka, `yap` yana kwafar sakin layi guda. Ranar da mutum ya fara danna `ci"` ba tare da tunani ba, yawanci daga ranar ba ya ƙara tambayar amfanin Vim.

Na yi kuskure, yaya zan koma baya? Kuma mene ne aikin ɗigo?

`u` yana warware canji na ƙarshe, Ctrl-r yana dawo da abin da ka warware. Vim yana tuna canje-canje da yawa, har kana iya cewa `:earlier 10m` ya mayar da fayil yadda yake minti goma da suka wuce.

Ɗigo, wato `.`, yana maimaita canjin da ka yi na ƙarshe. Ka ce kana so ka sa waƙafi a ƙarshen layuka biyar. A na farko ka danna `A`, ka rubuta waƙafin, ka danna Esc. A sauran, `j` da `.` kawai. Lura cewa duk abin da ka yi daga shiga yanayin rubutu zuwa Esc, canji ɗaya ne a wurin Vim. Wannan wani dalili ne na yawan danna Esc: idan ka rubuta shafi guda ba ka fita ba, `u` ɗaya zai kwashe shafin duka.

Ta ina zan fara atisaye?

Rubuta `vimtutor` a taminal. Darasi ne da yake zuwa tare da Vim, na kimanin rabin awa, kana karantawa kana gwadawa a cikin fayil ɗin kansa. A Neovim, wani reshe da ya ɓalle daga Vim, `:Tutor` ne. Yi shi sau biyu, da tazarar 'yan kwanaki. Daga nan ka koma aikinka na gaske, domin atisaye a fayil ɗin wasa ba ya zama a yatsu.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ka riƙa lura da inda kake gundura. Duk lokacin da ka ga kana danna maɓalli ɗaya sau da yawa, akwai gajeriyar hanya, nemo ta, ka yi mako kana amfani da ita kafin ka ƙara wata. Bayanin Vim na cikin gida yana da kyau sosai: `:help ciw`, `:help :s`, ko `:help user-manual` don littafin jagora gaba ɗaya. Idan kana kan wata kalma mai launi a ciki, Ctrl-] ya kai ka bayaninta, Ctrl-o ya dawo da kai.

Yaya ake nema da maye gurbi?

`/kalma` da Enter yana nema gaba, `n` na gaba, `N` na baya. Idan kana kan kalmar, `*` ya wadatar. Maye gurbi a fayil duka: `:%s/tsoho/sabo/g`. Alamar `%` tana nufin duk layuka, `g` kuma duk inda kalmar ta fito a layi, ba na farko kaɗai ba. Ƙara `c` a ƙarshe, ya zama `gc`, zai tambaye ka a kowane wuri, kuma mai koyo ya riƙe wannan. Don taƙaitawa ga wasu layuka, `:10,20s/tsoho/sabo/g`.

Akwai kuma `:g`, mai aiwatar da umarni a duk layin da ya dace: `:g/DEBUG/d` yana share duk layin da ke da wannan kalma, `:v/DEBUG/d` yana share duk wanda ba shi da ita. Idan wuraren kaɗan ne, haɗa `*` da `cgn` da ɗigo: ka canza na farko, sannan kowane `.` ya nemo na gaba ya canza shi.

Na kwafi layi, na share wani, na manna, sai wanda na share ya fito. Ina wanda na kwafa?

Bai ɓata ba. A Vim sharewa yankewa ce, don haka `dd` yana zuba abin da ya share a ma'ajin da `p` yake ɗauka. Amma abin da ka kwafa da `y` na ƙarshe yana nan a ma'aji mai lamba 0, kuma `"0p` zai fito da shi. `:reg` yana nuna maka duk ma'ajan. Kana iya sa wa naka suna: `"ayy` ya kwafi layi zuwa ma'ajin a, `"ap` ya manna shi. Idan kuma kana so ka share abu ba tare da ya taɓa ma'aji ba, `"_dd`.

Kwafa zuwa wata manhaja, kamar burauza, aikin ma'ajin `+` ne: `"+y` da `"+p`. Ba kowane Vim aka gina da wannan ba. Duba da `vim --version`: idan ka ga `-clipboard` maimakon `+clipboard`, sai ka girka cikakken Vim. Idan kuma ka manna rubutu daga waje ka ga layukan suna ta zamewa dama kamar matakala, yi `:set paste` kafin mannawa, `:set nopaste` bayanta.

Mene ne makro, kuma yaushe ya kamata?

Naɗar abin da yatsunka suka yi ne don a sake kunna shi. Ana buƙatarsa idan aikin ya fi ƙarfin ɗigo, wato canji fiye da ɗaya a kowane layi. Misali kana da jerin kalmomi ɗari, kowace a layinta, kana so a sa kowace cikin alamun zance da waƙafi a ƙarshe. Tsaya a layin farko. `qa` ya fara naɗa a ma'ajin a. Danna `I"` da Esc, sannan `A",` da Esc, sannan `j`, sannan `q` ya tsayar da naɗar. `@a` ya kunna sau ɗaya, `99@a` ya gama sauran. Ko lambar ta wuce yawan layukan ba matsala, makro yana tsayawa da kansa idan `j` ya kasa sauka.

Yi amfani da takun da ba su dogara da tsawon layi ba, irin su `I`, `A`, `f` da `w`. Makron da aka naɗa da `llll` zai yi ɓarna a layin da ya fi na farko tsawo.

Me zan sa a .vimrc? In kwafi na wani gwani?

Kada ka kwafa. Fayil mai layi ɗari biyar da ba ka san aikinsu ba zai canza maka maɓallai, sai ka je wata saba ka tarar abin da ka koya ba Vim ba ne, saitin wani ne. Fara da kaɗan a `~/.vimrc`, wato fayil ɗin saitin Vim: `syntax on` don launi, `set number` don lambar layi, `set incsearch hlsearch` don ganin abin da kake nema, `set ignorecase smartcase` don kada manya da ƙananan haruffa su dame ka sai ka sa babba da kanka, da `set undofile` don `u` ya ci gaba da aiki ko bayan ka rufe fayil ka sake buɗewa. Kowane layi ka karanta shi da `:help` kafin ka ajiye shi.

Ƙarin manhajojin da ake ɗora wa Vim kuwa, jinkirta su wata ɗaya ko biyu. Da yawansu suna magance matsalar da Vim ya riga ya magance, sai dai mai girkawar bai sani ba.

Yaya zan rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a Vim?

Idan kibod ɗinka yana fitar da su, Vim zai karɓa, muddin taminal da fayil suna kan UTF-8. Idan babu, a yanayin rubutu danna Ctrl-v, sannan `u` da lambar harafin: `0253` don ɓ, `0257` don ɗ, `0199` don ƙ, `01b4` don ƴ. Manyansu su ne `0181`, `018a`, `0198` da `01b3`. Wannan yana gajiyarwa, don haka sa wannan layi a .vimrc: `digraphs b' 595 d' 599 k' 409 y' 436`. Daga nan Ctrl-k da `b'` ya ba ka ɓ. Idan kana shakkar wane harafi ne a fayil, tsaya a kansa ka danna `ga`.

Allon ya daskare, ko Vim ya ɓace gaba ɗaya. Me ya faru?

Idan ya daskare, mai yiwuwa sabo ya sa ka danna Ctrl-s don adanawa, taminal kuma ta ɗauke shi a matsayin umarnin tsayar da fitar da rubutu. Ctrl-q ya sake ta. Idan kuma ka tsinci kanka a layin umarni, to Ctrl-z ne ka danna bisa kuskure, Vim yana nan a dakace, rubuta `fg` ya dawo.

Ya nuna min gargaɗin E325 game da fayil ɗin .swp. In share shi?

Tsaya tukuna. Vim yana ajiye fayil ɗin ko-ta-kwana yayin da kake aiki, don kada yankewar wuta ko ta SSH ta tafi da rubutunka. Gargaɗin yana nufin ɗayan biyu: ko fayil ɗin yana buɗe a wani wuri, galibi Vim ɗin da ka dakatar da Ctrl-z kamar yadda aka bayyana a sama, ko zaman baya ya mutu bai rufe ba. Idan na farko ne, fita ka koma wancan. Idan na biyu ne, zaɓi `R` ya farfaɗo da rubutun, ka duba, ka adana, sannan ka share fayil ɗin .swp, in ba haka ba gargaɗin zai ci gaba da zuwa.

Na gama gyara fayil ɗin saiti, ya ce ba ni da izinin adanawa.

Fayil ɗin na root ne, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar. Mafi sauƙi, adana kwafi inda kake da izini, `:w /tmp/kwafi`, sannan ka mayar da shi da sudo, umarnin da ke ara maka ikon root. Akwai tsohuwar dabara, `:w !sudo tee %`, tana aiki a Vim amma takan ba da matsala a Neovim wajen karɓar kalmar sirri. Gaba kuma ka buɗe da `sudoedit`, wanda yake ba ka kwafi ka gyara da saitinka, sannan ya mayar da shi wurinsa. Ya fi `sudo vim` aminci, domin daga cikin Vim ana iya buɗe layin umarni da cikakken ikon root.

Git da crontab (mai tsara ayyukan da kwamfuta za ta riƙa yi a kan lokaci) suna buɗe min editan da ba na so.

Suna duba wasu saiti biyu na layin umarni masu ɗauke da sunan editanka, `VISUAL` da `EDITOR`. Sa `export EDITOR=vim`, ko `nano`, a `~/.bashrc`, fayil ɗin saitin bash, manhajar da ke karɓar umarninka a taminal. Don git kaɗai, `git config --global core.editor nano`.

Vim ko Neovim?

Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, da farko don kwamfutar Amiga, kuma ya jagorance shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Ya kasance yana roƙon masu amfani da shi su taimaka wa yara mabuƙata a Yuganda, saƙon da ya daɗe yana fitowa a allon farko na Vim. Neovim ya ɓalle daga Vim a 2014, yana karɓar saiti da yaren Lua a `~/.config/nvim/init.lua`, kuma ya zo da haɗi na cikin gida da manhajojin da ke gane yaren da kake rubutu da shi, su cika maka suna ko su nuna kuskure. Ga mai koyo bambancin bai taka kara ya karya ba, kusan duk abin da ke wannan shafi yana aiki a duka biyun.

Abin lura kawai shi ne a wasu tsare-tsare, kamar sabon Debian, `vi` taƙaitaccen Vim ne da ke kwaikwayon tsohon vi, inda kibiyoyi a yanayin rubutu suke fitar da A, B, C, D. `:set nocompatible` yakan gyara, ko ka girka cikakken `vim`.

Abin da na koya zai yi min amfani a wajen Vim?

Sosai. `less` da `man` suna amfani da `j`, `k`, `/`, `n`, `g`, `G` da `q`. A bash, `set -o vi` yana ba ka yanayin umarni a layin umarni kansa, ka danna Esc ka gyara doguwar jimla da `cw` da `f`. VS Code da editocin JetBrains suna da ƙarin da ke kawo maɓallan Vim, Emacs ma yana da nasa mai suna Evil. Umarnin `:s` da aka yi bayani a amsar nema da maye gurbi kuwa kusan shi ne na `sed`, don haka `sed 's/tsoho/sabo/g' fayil` zai yi maka aikin ba tare da ka buɗe edita ba.